Bangon da Na Shafe wa Nasiru

Tun da na dawo daga Yamai ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo shago: "Lawali, yaya Yamai? Ka gane shi? Gaskiya na wai kitso gare shi?" Na ba da labarin nan a tsaye, na ba da shi a zaune, na ba da shi da allura a baki, har na fara jin ana maimaita shi a kasuwar Sabon Birni da ƙarin da ni ban san shi ba. Shekaranjiya wani ya rantse mini cewa a jirgin sama na tafi. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in gama ɗinkin mutane.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mu biyu ne maza a wurin Inna, ni da ƙanena Nasiru, kuma shekara tara na ba shi. Ni an yi mini tsagar Gobirawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan. Kafin a haifi Nasiru Baba ya ce an daina, don haka shi fuskarsa sumul take. Yana ƙarami yakan kama kumatuna ya yi ta ƙirgawa, sannan ya fashe da kuka wai an hana shi nasa. Ya tashi da zane a hannu. Gawayi ba ya kwana a murhun Inna. Da ya girma ya koyi rubuta allunan shaguna da jikin motoci a Isa, can kuma ya kwaso waƙoƙin gambarar zamanin nan da ake ce wa hip-hop, masu magana da sauri kamar ana koro mutum.

Baba manomi ne, da shanun huɗa ya ci da mu. Da ya rasu aka yi sadakar arba'in, sai Nasiru ya yi kwana uku yana fenti a bangon gidanmu mai kallon hanya. Shanu biyu ya zana, manya, shuɗɗa kamar daga marina aka fito da su, da garma a bayansu, da wani murɗaɗɗen rubutu a sama. Mutane suka riƙa tsayawa suna dariya. A makon ne kuma dangin matar da zan aura za su zo daga Turba. Kunya ta kama ni. Ranar da Nasiru ya tafi Isa da safe, na kwaɓa farar ƙasa na shafe bangon tas. Da yamma ya dawo da ƙaramin gwangwanin fenti a hannu. Ya dubi bangon, ya dube ni, ya ajiye gwangwanin a bakin zaure. Bayan kwana biyu ya bar garin, yau shekara takwas ke nan.

Da farko yakan kira Inna daga lambobi daban-daban, daga baya muka rasa shi gaba ɗaya. Sai bana wani direban albasa ya zo shagona yana kallon waƙa a waya. Samari ne suna ta wurga hannu, amma ni bangon da ke bayansu na gani. Na karɓi wayar na ruga gida. Idon Inna ya daɗe yana raguwa, likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, ganin ne yake tafiya a hankali kuma ba ya dawowa. Ta kai wayar har bakin hancinta ba ta ga komai ba.

"Mi ag ga bangon?" in ji ta.

"Shanu na, Inna."

"Wane launi?"

"Shuɗɗa."

Ta miƙo mini wayar. "Nasiru na. Lawali, ka tahi ka ce mai in shina son in gane shi da idona, shi yi sauri."

Direban ya ce a Yamai aka ɗauki waƙar. Iyakar adireshin da na tafi da shi ke nan.

Ta Burkusuma na bi, a bayan babur ɗin Jaɓɓi, wani Bafulatanin da ya san kowace kwana ta hanyar. Kun san yadda tafiya ta koma a ƙasarmu: ba a sammako, ba a yamma, ba a kuma tafiya kai kaɗai. Sai da rana ta ɗaga muka tashi, babura shida a jere. Jaɓɓi ba ya rage gudu a yashi, wai in ka ji tsoron yashi shi ke kayar da kai. Mun faɗi sau biyu. Duk faɗuwar sai ya tashi ya fara duba babur, sannan ya tambaye ni ko na ji ciwo. Abin da na fi riƙewa shi ne ƙullin yajin daddawa da Inna ta daka da hannunta, ta ce in ba Nasiru.

A bakin iyaka wani jandarma ya karɓi katina ya juya shi, ya ce in buɗe jaka. Ya kwance ƙullin Inna ya kai hanci. Atishawa bakwai na ƙirga masa. Da ya share hawaye na ga ashe shi ma tsagarmu ce a fuskarsa, mutumin Tsibiri ne.

"Ina za ka?"

"Yamai, biɗar ƙanena."

"Wace unguwa?"

Na ciro waya na nuna masa shanun. Ya kalle su, ya kalle ni, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. "Wanga bawan Allah za shi Yamai biɗar shanu biyu ga bango," in ji shi. Suka yi dariyarsu suka more. Amma da ya miƙo mini katin sai ya rage murya ya ce, "Nawa wan shekara goma shina Libiya. Allah shi haɗa ku." Na ce amin, na ɗaure ƙullina.

A Maraɗi na kwana wurin wani tela da muke sayen zare tare. Maraɗi ba baƙon wuri ba ne, Hausarsu tamu ce, tuwonsu namu ne, sai dai burodinsu. Dogo ne kamar taɓarya, kuma ban san ana tsoma shi a shayi ba. Na gatsa da ƙarfi, ya yanke mini dasashi, na yini ina jin gishiri. Abu na biyu da ya kusa kayar da ni shi ne motar Yamai. Mu a nan mota ba ta tashi sai ta cika, in ta cika ma sai direba ya ci abinci. Aka ce mini ƙarfe kaza, na ce to, na tsaya gaisawa da mai masaukina yadda ya kamata. Ina isa tasha na tarar motar ta juya hanci tana fita. Da gudu na kama ta, babbar riga a kafaɗa. Na faɗa kujerar farko da na gani, sai wata mata ta tsaya a kaina tana nuna mini takarda: ashe kowace kujera da lambarta, tawa tana can ƙurya kusa da buhun wani.

Yini guda muka yi a hanya. Madawa, Galmi inda warin albasa ya shigo mana ta taga, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Daga Doso sai Hausa ta fara ƙaranci a bakin mutane, Zabarmanci ya karɓe. Nan ne na fara jin na yi nisa da gida. Na riƙa tunanin Nasiru a wannan hanya shekara takwas baya, shi kaɗai, da zuciyar da na ɓata masa. Ban san ko ya ci abinci a ranar ba.

Telan Maraɗi ya haɗa ni da wata Bazabarma mai ba da hayar ɗakuna a Yamai, Hajiya Gambi. Tana ganin fuskata ta tafa hannu.

"Bagobiri! Wace mage ta yage maka fuska haka?"

Na sha jin cewa Zabarmawa taubasanmu ne, amma ban taɓa faɗawa hannun ɗaya ba. Na ce mata magen ta tafi neman Zabarmawa ne ba ta samu mai kyan da za ta taɓa ba. Ta ce yau ba zan ci abinci a gidanta ba. Ba a jima ba ta aiko mini da kwano cike da dambu da kwaɗon zogale, an zuba mai har yana ƙyalli. Kwana shida na yi a gidan, kullum sai ta zage ni, kullum sai ta ƙara mini nama. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, zagin ya tsaya na ɗan lokaci. Ta ce masu ɓata bangon mutane ai ba su da wuyar samu, in bi bakin kogi da bayan makarantu.

Kwana biyu ina yawo da ƙafa ina kallon bango kamar sabon mahaukaci. Yamai gari ne mai zane. Wani bangon fuskar mace ce, wani kurciya, wani rubutu ne da aka murɗe har ba ka sanin boko ne ko ajami. Na tambayi Nasiru, babu wanda ya san Nasiru. A rana ta biyu da la'asar na sha wata kwana kusa da filin ƙwallo, sai ga su. Shanu biyu shuɗɗa, da garma a baya. Ni tela ne, ina gane ɗinkin mutum ko ya canja zare. Yadda ƙahon ya lanƙwasa, yadda doron ya tashi, hannun Nasiru ne. A ƙasa daga gefe, inda sauran masu zane ke rubuta sunansu, shi babu suna. Layuka ne ƙanana, shida a nan, bakwai a can. Na ɗaga hannu na taɓa kuncina. Na daɗe a tsaye a wurin, har wani mai shayi ya kawo mini benci.

Mai shayin ne ya nuna mini wani fili a bayan gidan matasa, inda ya ce suna taruwa da yamma. Washegari na je. An shimfiɗa leda a ƙasa, kiɗa na tashi daga manyan akwatuna har ƙirjina yana amsawa. Ina isowa na ga wani saurayi ya faɗi, ya kafa kai a ƙasa ƙafafu a sama, yana juyawa, jikinsa na karkarwa, jama'a sun kewaye shi suna ihu babu mai taimakonsa. Ni ɗan Gobir ne, na san abin da ke kayar da mutum haka in kiɗa ya yi zafi. Na fizgi butar wani, na kutsa ina karanto addu'a, na sheƙa masa ruwa a fuska.

Kiɗa ya tsaya. Saurayin ya tashi zaune yana tari yana surfa mini Faransanci. Ashe rawa ce, kuma gasa ake yi, kuma shi ke kan gaba kafin in iso. Na tsaya da buta a hannu ina neman ƙasar da za ta haɗiye ni. Sai na lura sun daina kallon butar, fuskata suke kallo. Wani ya matso yana ƙirgawa da yatsa a iska. Ya juya ya ƙwala wa sauran kira: "Sha Uku! Ku zo ku ga sa hannun Sha Uku yana tafiya da ƙafafunsa!"

Da wannan sunan suka san ƙanena, wato shida da bakwai. Shekara da shekaru suna ganin layukan nan a bango, yawancinsu ba su taɓa tambayar ko mene ne ba. Suka yanyame ni, kowa na son hoto da ni, har wanda na jiƙa. Na miƙa hannu mu gaisa, su kuma suna miƙo dunƙulallen hannu, muka yi ta karo. Ina cikin tambayar lafiyar iyayensu ɗaya bayan ɗaya sun riga sun wuce.

Babbansu, Buba, shi ne mai waƙar da na gani a waya, kuma yana jin Hausa sosai. Ya zaunar da ni ya ce Nasiru yana aikin wani bango a hayin kogi, gobe zai kai ni. Na tambaye shi me ya haɗa mai waƙa da mai fenti. Ya ce ai gida ɗaya ne mai ɗaki huɗu: mai waƙa, mai haɗa kiɗa, mai rawa, da mai bango. Mai waƙa yana faɗa, iska ta kwashe. Mai bango shi ke sa maganar ta kwana a unguwa. In za su fitar da waƙa, Nasiru ke fara jin ta, ya yi mata bango, sannan su tsaya a gabansa a ɗauka. Na saurari yadda biyu daga cikinsu ke gasar baki, wannan ya wasa kansa ya zambaci wancan, jama'a na shewa. Na ce wa Buba wannan ai kirarin 'yan dambe ne, sai dai babu wanda ya naɗe hannu. Ya ce haka Nasiru ma yake faɗa.

Ina kallon bangon filin na ga zane ya cika shi, amma kowane ya tsaya daidai inda na wani ya fara. Na ce me ya sa ba sa shafe tsofaffin su sami wuri. Buba ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Babban yaya, a wurinmu ka zagi mutum, ka ci abincinsa, duk da sauƙi. Amma ba a shafe aikin wani. In ka shafe, ka ce masa bai taɓa zuwa duniya ba ke nan. Na san ƙungiya biyu da suka shekara biyu ba sa gaisawa a kan haka."

Na ce, "To in mutum ya riga ya shahe, bai sani ba? Shi ba da haƙuri?"

"Ba a ba da haƙurin wannan da baki. Bango za ka ba shi. Ka gyara da hannunka, ka sa alamarsa a gefe don kowa ya san an kama, ka ja da baya. In ya zo ya zana, magana ta mutu."

Ban gaya wa Buba dalilin tambayata ba. Ina jin ya gane, don bai sake kallon idona ba sai da muka rabu.

Da hantsi muka haye gada a bayan babur ɗinsa. Bangon wata makaranta ne, dogo. Tun daga nesa na ji wani ƙara, kas-kas-kas, ashe gwangwanin fentin fesawa ne ake girgizawa, akwai 'yar ƙwallo a ciki. Mutum na kan tsani, ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya ba mu baya. Ga masu tambaya: e, kitso gare shi, kuma ya yi ƙiba kaɗan. Amma yadda yake karkata kai in yana duba aiki, na Baba ne sak. Buba ya kira shi. Ya waiwayo, ya gan ni, ya sauko daga tsanin a hankali kamar mai tsoron ya karye. Ya janye ƙyallen.

"Yaya." Ya matso kusa da ni. "Inna?"

"Tana nan da ranta."

Sai ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hannuwa masu fenti. Ashe da ya gan ni ya ɗauka rasuwa na kawo. Na yi ta shirya maganganu tun daga Burkusuma, a wurin ko ɗaya ban tuna ba. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Ka yi ƙiba." Ya ce, "Kai kau ka tsuhwa." Buba ya tafi sayen abin da ba ya bukata.

Ya kai ni gidansa. Yana da mata, Ramatu, Bazabarma, wadda tun kafin in zauna ta tambaye ni labarin mage. Suna da 'ya mai shekara uku, sunan Inna aka sa mata. Inna tana da takwara a duniya shekara uku ba ta sani ba. Wannan ya tsaya mini a rai. Da aka kawo shinkafa na ciro ƙullin na ajiye. Nasiru ya kwance, ya shaƙa, ya barbaɗa da yawa fiye da kima. Yana ci hawaye na zuba. Ya ce wa matarsa yajin ne. Ita ma ta ce lallai yajin ne, ta tashi ta ba mu wuri.

Na gaya masa maganar idon Inna, da saƙonta yadda ta faɗa. Ya ci gaba da juya cokali a kwano. Don in canja magana na ce na ga shanunsa a wuri uku cikin garin nan, amma kullum garma ce kawai a baya, babu mai riƙe da ita. Na ce ko mutum ne bai iya zanawa ba, alhali ga fuskokin mutane ya cika bangon makaranta da su.

Ya ajiye cokali. "Ban ƙare ba, Yaya."

"Mi ab ba ka ƙare ba?"

"Bangon gida. Shanun nig gama. Rannan da nit tahi Isa, hwarin fenti nis sawo, na rigar Baba. Shi za ni sawa bayan garma. Da nid dawo..." Ya ɗaga kafaɗa. "Na gwada sa shi nan, ba sau guda ba. Hannuna ba shi yarda. Baba bai san garin ga ba. Wurinai na can."

Shekara takwas ina gaya wa kaina shirmen yaro na shafe. Ashe Baba na hana tsayawa a ƙofar gidansa. Gwangwanin nan kuwa na san inda yake, yana kan katangar zaure ya yi tsatsa, har na taɓa dafa shi in hau gyaran rufi. Na buɗe baki in ce ya yafe mini, sai na tuna maganar Buba, na rufe. Na ce kawai, "Yaushe za ka zo?"

Ya ce aikin makarantar alkawari ne, ba shi kaɗai ba ne, kuma akwai waƙoƙi biyu da ke jiran bangonsu. Bayan kaka, in Allah ya so. Ban matsa ba. Ban san ko gaskiya yake faɗa ba ko kunyata yake ji, kuma ba ni da bakin da zan tilasta shi. Ya karɓi wayata ya shiga ɗaki ya yi wa Inna magana mai tsawo, ya sa 'yar ta ce "Inna ina kwana" da Hausarta ta Zabarmawa. Ranar da zan taho ya raka ni tasha. Wannan karon ni na riga kowa zama, a kujerata mai lamba. Hajiya Gambi ta ba ni dambu a leda, ta ce in gaya wa Gobirawa su daina sakin mahaukatansu suna jiƙa 'ya'yan mutane.

Dawowa ba ta da labari, sai faɗuwa ɗaya a yashi. Inna ta saurari saƙon sau huɗu a jere, ta sa aka kira maƙwabta su ji muryar takwararta. Ba ta tambaye ni me ya sa bai biyo ni ba.

Kwana biyu da dawowata na rufe shago. Na kankare bangon nan har ƙasa, duk takardun 'yan siyasa da tallan maganin basir da suka taru a kansa. A wani wuri da farar ƙasar ta ɓare na ga shuɗi yana leƙowa, na tsaya na huta. Na sayo siminti na yi masa sabon yaɓe da hannuna, ban kira magini ba, shi ya sa kuka ga ya ɗan karkace. Tun yaɓen yana ɗanye na ɗauki tsinke na ja layuka a ƙasa daga gefe, shida a nan, bakwai a can, na zurfafa su. Da ya bushe na shafa fari. Na ɗauki hoto na aika wa Nasiru, ban rubuta komai a ƙasa ba. Shi ma bai amsa ba.

To masu tambaya me ya sa na kori mai liƙa takarda da sanda ranar kasuwa, kun ji dalili. Bangon an kama shi. Masu cewa kuma in aka zana mutum a bango za a yi magana, su zo shago su same ni, ni na ba da wurin.

An yanke gero, an ɗaure dammuna, dawa ma ta kusa. Kullum in babura suka shigo daga Burkusuma sai ƙafata ta tsaya a kan keke. Makon jiya Jaɓɓi ya tsaya a ƙofar shago da kwali ɗaure a bayan babur, ya ce daga Maraɗi aka miƙo, daga Yamai aka ba wani direba. Babu wasiƙa. Gwangwanayen fenti ne goma sha biyu, shuɗi ya fi yawa, da fari guda biyu. Na kai wa Inna. Ta laluba ta ɗauki ɗaya ta girgiza, ya yi kas-kas-kas, ta yi dariya kamar yarinya. Yanzu a gefen gadonta yake kwana.

Jiya da safe na fito na same ta a waje, ta dafa bangon, tana bin layukan da yatsa tana ƙirgawa. Yanzu in rana ta yi haske sosai ne take rarrabe mutum da inuwarsa. Ta ji takuna, ba ta waiwayo ba.

"Lawali."

"Na'am, Inna."

"In ya zaka, ka ce mai shi hwara da Babanku. Shanun na riga na gane su."